Ɗakin ƙasa ya koma tanda da daddare: ta ina za a fara gyara?

Ɗan Birni

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar masana gini. Gida ne na gado a cikin birnin Katsina, ginin tubali, kaurin bango daga ƙasa ya kai ƙafa ɗaya da rabi. Ɗakuna uku ne a jere, kowanne ƙafa 10 da 12. Ƙofofinsu na kallon gabas, wato tsakar gida, bayansu kuma yamma ne, lungu, babu ko bishiya ɗaya. Biyu an sauke soronsu an buga kwano, ba a yi silin ba. Na ukun har yanzu soro ne da azararsa. Kowane ɗaki taga ɗaya gare shi, 'yar ƙarama, kusa da ƙofa. Bangon waje an yi masa filastar siminti, ta fara tsattsagewa.

Idan bazara ta shigo, masu kwanon ba sa shiguwa daga azahar zuwa la'asar. Mai soron da rana lafiya lau, amma daga isha'i har asuba sai ka ce tanda. Wasu sun ce a ƙara wa bangon kauri, wasu sun ce a riƙa watsa masa ruwa da yamma, wasu kuma sun ce a rushe a yi na bulo a huta. Kuɗin da ke hannu ba su da yawa. Da me ya kamata a fara?

Tsohon Magini

Wa alaikumus salam. Ɗana, cire maganar rushewa daga lissafi. Bulon siminti mai inci 6 ko 9 rami ne a cikinsa, kafin magariba zafin la'asar ya ratsa shi. Idan ka rushe tubali ka sa bulo da kwano, an gudu ne ba a tsira ba.

Ciwon ɗakunanka iri biyu ne, maganinsu ma ba ɗaya ba ne. Masu kwano zafinsu daga sama yake sauka kai tsaye. Kwano ba ya riƙe zafi, ba ya kuma tare shi: rana na dukansa yana zubo maka, rana na faɗuwa ya huce. Abin da mutane ba sa lura da shi, wunin nan da kwanon ya yi yana huci, bangon yana sha ta ciki. Bangon da aka gina don ya tare zafin waje sai ga shi ana ɗura masa zafi ta cikin ɗaki. Saboda haka a waɗannan biyun silin ne farko, kafin fanka, kafin komai.

Amma silin da aka rufe ruf ba magani ba ne, kashe maciji ne ba a sare kai ba. Ka bar tazara tsakaninsa da kwano, aƙalla ƙafa ɗaya a gefen da rufin ya fi ƙasa. Sannan ka buɗe wa wannan sararin hanyar iska ta ɓangarori biyu masu fuskantar juna: kafofi a ƙarƙashin bakin kwano ta gefen da ya fi ƙasa, wasu kuma ta gefen da ya fi tudu, don iska mai zafi sama take nema. Kowace kafa a sa mata ragar ƙarfe mai ƙananan idanu, in ba haka ba jemagu da ɓeraye da tattabaru sun samu gida. A kan silin ɗin a shimfiɗa abin da zai tare huci. Farin soson nan mara nauyi irin wanda ake tallafe firji da shi a kwali, mai kaurin inci 2, ya wadatar, a jera shi ba tare da barin giɓi ba. Masu zuba ɓuntun shinkafa a buhu suna samun sauƙi, sai dai ɓera na son sa, kuma yana sa silin katako ya yi ciki idan katakan da ke riƙe da shi sun yi nisa da juna. Ko wanne ka zaɓa, wayar wuta ta bi ta cikin bututu.

Mai soron kuwa kada ka taɓa shi da sunan saukewa. Hau ka duba abu uku. Na farko bakin azara inda ta shige bango: soka mata wuƙa, in ta shiga da sauƙi ko gari ya zubo, gara ko ruwa sun ci ta. Na biyu indararo, ko ya toshe ko ya karye yana zubar da ruwa a jikin bango. Na uku kaurin ƙasar da ke sama. Al'adar ƙara yaɓe kowace shekara ba tare da an kankare tsohon ba ita ke karya soro a watan Agusta, lokacin da ƙasar ta sha ruwa ta yi nauyi. Azara, wato tsagin giginya, ƙafa 6 take ɗauka ita kaɗai. Abin da ya wuce haka sai da dabara, ko a fito da azara daga bango hawa-hawa a rage faɗin, ko a ɗaura bakan gizo, wato lanƙwasasshen gini na azara da ƙasa da ke tallafe rufi. Irin wannan aikin ne Babban Gwani ya yi a Masallacin Juma'a na Zariya tun ƙarni na 19, kuma bakunan na nan. Ba a ɗora wa azara nauyin da ba a lissafa da shi ba tun farko.

Batun watsa wa bango ruwa, wanda ya ba ka shawarar bai taɓa gyaran gindin bango ba. Kada ka yi.

Injiniya Bazazzagiya

Baba ya gama magana a kan kwano. Bari in ɗan sa lissafi, domin akwai wurin da mutane ke ɗora wa bango laifin da ba nasa ba.

Bangon ƙasa ba ya hana zafi wucewa, jinkirta shi yake yi, yana kuma rage masa kaifi. A ƙiyasi, kowane santimita 3 na ƙasa busasshiya yana jinkirta zafi kamar awa ɗaya. Soro mai kaurin santimita 15 zuwa 20 ke nan awa 5 zuwa 7. Rana ta fi dukan rufi wajen ƙarfe 1, ka ƙara awa 6, ka ga ƙarfe 7 na yamma zuwa 8. Isha'in da ka ambata ke nan, Malam. Zafin da ke tashinka da daddare na azahar ne, sai lokacin ya ƙaraso, kuma ta sama ya biyo. Gindin bangonka mai santimita 45 jinkirinsa ya kusa awa 15, kuma kafin zafin ya ratso ya riga ya lafa sosai. Sai dai ginin tubali yana sirancewa ne yana hawa, saman bangon bai fi rabin gindinsa ba. Ta nan ranar yamma ke shigowa, ta iske ka wajen tsakar dare.

Shi ya sa ƙara kauri ba zai biya kuɗinsa ba. Bango mai kauri yana tsayawa ne a tsaka-tsakin zafin rana da na dare. A hunturu wannan alheri ne: rana 30, dare 14, ɗaki na zaune wajen 22. A Afrilu kuwa rana 40, dare 26, tsakiyarsu 33. Da rana ka shigo daga 40 ka tarar da 33, ka ce ɗaki da sanyi. Da asuba waje ya sauka 26, ɗaki na nan a 33 ɗinsa, ka ce tanda. Ko ka mai da bangon kamu uku, tsakiyar nan ba za ta motsa ba. Hanya biyu ce kawai ke saukar da ita: a rage abin da ginin ke sha da rana, a kuma kwashe abin da ya sha da daddare.

Ragewa tukuna. Da tsakar rana kowane murabba'in mita na rufi yana karɓar kusan wat 1,000. Ɗakinka murabba'in mita 11 ne, kamar an kunna dutsen guga goma sha ɗaya a kansa. Kwano mai tsatsa ko yaɓe mai duhu yana shanye kashi uku cikin huɗu na wannan, ko fiye. Fari yana shanye kamar kashi ɗaya cikin uku. Saboda haka a shafe saman soron da farar ƙasa, shafi biyu marasa kauri, a bar na farko ya bushe kafin na biyu. Lokacinsa ƙarshen Fabrairu ko farkon Maris, bayan ƙurar hunturu ta lafa. Ruwan farko zai wanke ta, ba komai, ta riga ta yi aikinta. Kwanon kuma a goge tsatsa da burushin waya, a shafa fentin farko mai hana tsatsa, sannan farin fentin mai.

Bangon yamma inuwa yake so, ba kauri ba. Katsina na kan digiri 13 arewa da tsakiyar duniya, a ƙarshen Afrilu rana tsakar ka take bi. Bakin rufi mai ƙafa 2 ya isa ya rufe bangon kudu da na arewa da inuwa a tsakiyar rana, amma ba ya tsinana wa bangon yamma komai, don ranar la'asar a kwance take zuwa. Abin da ke tare ta sai abu tsayayye. Kafa dirkoki a lungun, ƙafa 2 daga bango, ka ɗaura zana ko asabari tun daga tsayin ƙugu har ya ɗan zarce saman bangon, ka bar ƙasa da sama a buɗe iska ta riƙa ratsawa. Kada zanar ta jingina da bango, gara za ta samu tsani. Idan lungun ya yi ƙunci har maƙwabta za su yi magana, to a rataya asabarin daga sama a kan sanduna da suka fito ƙafa ɗaya, a shafe bangon da fari.

Sai kwashewa. Taga ɗaya a gefe ɗaya da ƙofa ba ta fitar da komai, iska sai ta ga mafita take shiga. Kowane ɗaki na bukatar kafa ta biyu a bangon da ke fuskantar ƙofa, can sama kusa da rufi. Tsarin amfani da su shi ne akasin abin da yawancin gidaje ke yi. Da hantsi, wajen ƙarfe 8, a rufe ƙofa da tagogi, a saki labule. Da daddare, da zarar waje ya fi ciki sanyi, a buɗe komai har gari ya waye. Ma'aunin zafi guda biyu masu araha, ɗaya a ɗaki ɗaya a inuwar tsakar gida, za su nuna maka lokacin; a bazara yakan kai ƙarfe 9 ko 10. Wanda ya bar taga a buɗe da azahar iskar 40 yake ɗura wa bangonsa.

Fankar sama ba ta rage zafin ɗaki, jiki take sanyayawa, tana juya iskar da ke ciki. Idan da fankar tsaye ko ta sola, a ajiye ta a bakin kafar sama tana hurawa waje. Sai ta janyo iskar tsakar gida ta ƙofa, ta bi jikin bango ta fice. Awa shida na haka ya fi amfani ga daren gobe fiye da wunin fankar sama a rufaffen ɗaki.

Ƙaramin abu kuma: mutum ɗaya a kwance yana fitar da kusan wat 100. Mutum shida a ɗaki ɗaya, ga firji, ga batirin inbata, an kunna rusho ke nan ba a sani ba. Firji ya koma rumfa.

Ba'adare

Sannunku da aiki. Hajiya, ina tare da ke a lissafi, amma farar ƙasa a kan soro ban ba ta ƙarfi kamar yadda kika ba ta ba. A ƙasashenmu na Tawa da Katsina iska ba ta daina ɗauko ƙura don Maris ya kama. Sati uku fari ya koma ruwan ƙasa, rabin amfanin ya tafi. A yi ta, ba ta da tsada, amma abin da ke dawwama shi ne rufi biyu: soro a ƙasa, kwano a sama kamar laima, tsakaninsu a buɗe ta kowane gefe. Haka Francis Kéré ya yi wa makarantar firamare ta Gando a Burkina Faso a 2001, silin na tubalin ƙasa, kwano a ɗage a kan ƙarafa, iska na wucewa tsakani. Ga mai soro riba biyu ce, rana ba ta taɓa ƙasar, ruwan sama ma haka, an huta da yaɓen shekara-shekara.

Inda ake kuskure wurin ɗaurewa ne. Kwanon da ke buɗe ta ƙasa fiffike ne, guguwar farkon damina tana ɗaga shi gaba ɗaya. Kada a kafa ƙafafunsa a kan ƙasar soro ko a cikin rawanin bango kawai, wato saman bangon da ya zarce rufi. Ko dai a kafa ginshiƙan ƙarfe daga ƙasa a wajen bangon, a binne gindinsu ƙafa 2 cikin kankare, ko a ratsa bango da rodi aƙalla ƙafa 3 ƙasa da samansa a ɗaure katakon rufin da shi, nauyin ginin ya riƙe. Tazarar ta kai ƙafa 2, yadda yaro zai iya rarrafawa ya share ya duba. Bakin kwanon ya zarce bango da ƙafa 2, ta gabas ma fiye, tunda hadarinmu daga gabas yake tasowa, bangon gabas ne ke shan dukan ruwa.

Ga wanda zai sake rufi daga tushe kuma azara ta yi tsada, a Nijar akwai magina da suka koyi ginin da babu itace tun shekarun 1980, ana rufe ɗaki da ƙubba ta tubalin ƙasa zalla. Sai dai ƙubba tana tura bango waje, ba a ɗora ta a kan tsohon bangon da ba don ita aka gina shi ba.

Ruwa kuwa yana da wurinsa, ba a jikin bango ba. Lita ɗaya idan ta bushe tana tafiya da zafin da ya kai na dutsen guga a kunne minti 40. A yayyafa wa ƙasar tsakar gida bokiti biyu bayan magariba, nesa da gindin gini da ƙafa 3, ko a rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a bakin tagar da iska ke shigowa. Wannan na aiki a Maris da Afrilu, lokacin da iska ta bushe ƙayau. Da zarar iskar damina ta juyo a Mayu, gumi ya fara, ruwan ba ya bushewa, sai ƙarin damshi da sauro. Kuma in tsakar gidan an malale ta da siminti ko intalok, ita ma tanda ce, tana huci har tsakar dare, iskar da za ka janyo ɗaki ta kanta za ta bi. Rumfar zana a kanta, ko dalbejiya ɗaya, amma a dasa ta nesa da bango da kamar ƙafa 15 saboda saiwa.

Ɗan Birni

Allah Ya saka da alheri, na fahimta. Saura biyu, Baba. Yaya ake huda taga a tsohon bangon tubali ba tare da ya tsage ba? Kuma filastar simintin nan, a cike tsagar ko a ɓamɓare ta?

Tsohon Magini

Taga tukuna. Ba a fara huda rami sannan a nemi abin tallafe shi. Zaɓi wuri nesa da kusurwa da aƙalla ƙafa 3, kuma kada ya zama daidai ƙarƙashin inda bakan gizo ko babbar azara ta sauka. Faɗin kafar kada ya wuce ƙafa 2. Sassaƙa gurbi a kwance ta ciki, zurfin rabin bangon, tsawonsa ya zarce faɗin tagar da ƙafa ɗaya hagu da dama. Saka azara biyu ko uku, ka cusa kwaɓaɓɓiyar ƙasa mai tauri ka danne sosai. Ba ta kwana uku ta bushe, ka yi haka ta waje. Sannan ne za ka fara cire ƙasar da ke ƙarƙashi, da kurfi da ƙaramar guduma, kaɗan-kaɗan daga tsakiya. Babbar guduma na girgiza tubali ya saki juna, tsagar ba za ta fito ba sai bayan damina. Tunda lungu take kallo, gindinta ya wuce tsayin mutum, a sa rodi da ragar sauro, da murfin katako da za a rufe da rana. Murfin kwano a bangon yamma wuta ne. Tsakanin saman tagar da azarar rufi a bar aƙalla ƙafa ɗaya na gini.

Filasta kuwa gyaran gangar Abzinawa aka yi wa gidan. Siminti da ƙasa ba sa tafiya tare: ƙasa na kumbura ta motse, siminti na tsaye, sai ya rabu da ita. Ruwa ya shiga ta tsaga, ya rasa hanyar fita, bangon ya riƙa ruɓewa a ɓoye. Ƙwanƙwasa da ƙotar guduma. Inda ya yi ƙarar ganga ya riga ya saki, ɓamɓare shi. Inda ya kama gam a bar shi zuwa baɗi, kada a yage fuskar bangon da ƙarfi. Cike tsaga da sabon siminti ɓata kuɗi ne. Idan ka buɗe ka tarar da gindin bango ya jiƙe ko ya zaizaye, bar shi ya sha iska sati biyu, sannan a cike da tubali da ƙasa, gaɓa-gaɓa, kada a buɗe fiye da ƙafa 3 a lokaci ɗaya.

Sabon yaɓen da jar ƙasa za a yi, a tankaɗe tsakuwa, a zuba ramno, wato busasshiyar ciyawar da ake kwaɓa ƙasa da ita, a kwaɓa a bar shi ya kwana uku ana juyawa. Kafin a shafe bango duka a gwada faci uku masu faɗin tafin hannu biyu: ɗaya ƙasa zalla, ɗaya awo biyu na ƙasa da ɗaya na yashi, ɗaya rabi da rabi. Wanda ya bushe ya tsattsage laka ta yi masa yawa, wanda ya murmushe in an goga yatsa yashi ya yi yawa. A ɗan yayyafa wa bangon ruwa kafin shafi don ya kama, kauri kada ya wuce inci ɗaya a tashi guda. Shafin ƙarshe da ruwan makuba, wato ɓawon ɗorawa da aka jiƙa har ruwan ya yi ja, shi ke sa ruwan sama ya zame. Ana sabunta shi duk shekara ɗaya ko biyu. Laso ya fi shi daɗewa, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, in ka samu mai iya haɗa shi, a kan soro da rawani ya fi dacewa. Makuba tana sa bango ya yi duhu, don haka ka ba bangon gabas ita, na yamma kuma fari da zana.

Duk aikin ƙasa a gama shi kafin tsakiyar Mayu.

Injiniya Bazazzagiya

Ƙari ɗaya a kan zana. Idan kuɗin rufi biyu bai samu bana ba, ana iya ɗaga zana a kan soron da tubala, tazarar ƙafa ɗaya, ta yi masa inuwa. Amma a naɗe ta da magariba. Soro na sakin zafinsa ne zuwa sararin sama da daddare, zanar da ta kare shi da rana ita za ta toshe shi in aka bar ta. A sauke ta gaba ɗaya da ganin hadarin farko, kuma mai hawa ya taka ta gefen bango, ba tsakiyar ɗaki ba.